Karatu a Ƙasar Waje: Yadda Ɗalibi Zai Daidaita Darasi, Tafiye-tafiye da Bukukuwan Sallah

A gundumomin Madawa, Buza da Keita fita waje tsohuwar al'ada ce. Shekara da shekaru mazan Adar suna tafiya cin rani Nijeriya, Kwaddibuwa da Libiya, su komo idan damina ta gabato. A yau akwai wani rukunin matafiya, wato samari da ƴanmata da suka ci jarrabawar bakaloriya suka tafi jami'o'in Sakkwato, Aljeriya, Maroko, Masar, Turkiyya ko Madina. Wasunsu suna yin dukan karatunsu a can, wasu kuwa suna zuwa ne na zango ɗaya ko biyu a ƙarƙashin musayar ɗalibai. Wannan bayani an shirya shi domin su da iyayensu.

Mene ne musayar ɗalibai?

Musayar ɗalibai yarjejeniya ce tsakanin jami'o'i biyu. Ɗalibi yana barin jami'arsa, misali ta Tawa ko ta Abdu Mumuni a Yamai, ya yi wata biyar ko shekara guda a wata jami'a, sannan ya komo ya kammala a gida. Shirin da ya fi shahara a duniya shi ne Erasmus na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 1987.

Abin da ya sa musaya take yiwuwa shi ne tsarin karatu iri ɗaya. A 2007 ƙasashen UEMOA suka amince da tsarin LMD, wanda ya raba karatun jami'a hawa uku: lisans shekara 3, masta shekara 2, dokta shekara 3. An raba kowace shekara zango biyu, kuma kowane zango yana da awo 30 da ake kira kiredi. Ɗalibin da ya samu kiredi 30 a waje ana iya ƙirga masa su a gida, amma da sharaɗin jami'o'in biyu sun sa hannu a kan jerin darussan kafin ya tashi. Wanda ya tafi ba tare da wannan takarda ba yana iya komowa ya tarar sai ya maimaita zangon.

Abubuwan da za a shirya kafin tashi

Ya kamata ɗalibi ya tanadi fasfo mai sauran wa'adi, da katin rigakafin shawara, da takardar haihuwa da ta shaidar karatu waɗanda hukuma ta buga wa hatimi. A ajiye hoton kowace takarda a waya, a bar kwafi a gida wurin wanda ya iya karatu. Mai neman tallafin gwamnati ya bi ta hukumar ANAB a Yamai, kuma ya tambayi hukumar ko ana amincewa da shaidar makarantar da zai je. Iyaye su yi hattara da dillalan da ke karɓar kuɗi da alkawarin gurbi. Gida da yawa yana sayar da albasar rani ko bisashe domin a tura yaro ɗaya, saboda haka kada a biya ko dala sai an ga takardar karɓa daga makarantar kanta.

Da isarsa, ɗalibi ya je ofishin jakadancin Nijar ya rubuta sunansa, ya kuma nemi ƙungiyar ɗaliban Nijar ta garin. Amfanin wannan ya fito fili a watan Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Hartum kuma ƙasashe suka shiga kwashe ƴaƴansu: wanda ba a san da zamansa ba, wuya ne a neme shi.

Sallah da jarrabawa

Shekarar Musulunci ta gaza ta bature da wajen kwana 11, shi ya sa bukukuwa suke matsowa gaba kowace shekara. Babbar Sallah ta zo a tsakiyar watan Yuni a 2024, a farkon Yuni a 2025, kuma lissafi ya sa ta a ƙarshen Mayu a 2026 da tsakiyar Mayu a 2027. Watannin Mayu da Yuni kuwa su ne lokacin jarrabawar zango na biyu a yawancin jami'o'in Arewacin Afirka da Turai. Ke nan ɗalibi zai sami kansa tsakanin kiran gida da ranar jarrabawa.

Shawara a nan ita ce jarrabawa ta riga zuwa gida. Wanda ya rasa jarrabawa yana iya rasa kiredin zangon, kuma tallafin karatu yawanci yana tsayawa idan ɗalibi ya faɗi. Tun makon farko ya karɓi kalandar makaranta, ya sa alama a kan ranakun azumi da na sallolin biyu, ya sanar da iyayensa abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Iyaye kuma kada su ɗauki rashin zuwansa a matsayin yanke zumunci.

A ƙasashen Musulmi ana ba da hutun sallah. A Faransa ko Italiya ranar sallah ranar aiki ce, don haka a nemi izinin malami a rubuce tun da wuri. Ganin wata ma yana bambanta, har Maroko takan yi sallah kwana guda bayan wasu ƙasashe. Ɗalibi ya bi mutanen garin da yake zaune, ya tambayi malamai abin da ya shige masa duhu. Haka nan tsawon wuni yana canzawa: a Faransa wunin watan Yuni yana kaiwa wajen awa 16, na Disamba kuwa wajen awa 8.

Layya a baƙon wuri

A gida kowa ya san yadda ake gicciye raguna a kan itace a kewaya wuta da su, a wuni ana gashi, washegari a raba nama ga dangi da maƙwabta. A waje dokoki daban ne. A Faransa an hana yanka sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. A 2025 Sarkin Maroko Muhammad na Shida ya nemi jama'arsa su bar layyar shekarar saboda fari da ƙarancin dabbobi. Layya tana kan mai hali ne, kuma bai kamata ɗalibi ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin hayar ɗaki dominta ba.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ɗalibai su yi karo-karo, su dafa abinci wuri ɗaya, su je Idi tare, su gayyaci abokan karatunsu na wasu ƙasashe. Haka za su iya yi ranar 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, ko lokacin kokawar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975. Idan mutanen gari suka gayyace shi nasu bikin, ya je da ladabi, ya ci abin da ya halatta gare shi, ya ƙi sauran da kyakkyawar magana.

Yawon buɗe ido da aljihu

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gaskiya ne. Ɗalibin aikin gona daga Keita, inda aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa tare da Italiya da hukumar FAO a 1984, zai ƙaru ƙwarai idan ya ga yadda ake tattalin ruwa a Maroko. Ɗan Buza da ya tashi cikin layukan bedi masu tare iska na kwarin Magiya yana da abin da zai nuna wa wasu, yana da abin da zai koyo. Amma a kiyaye ƙa'idoji uku:

1. A yi tafiya lokacin hutu kawai, bayan an miƙa ayyukan makaranta.
2. A ware kuɗin ɗaki, abinci da magani tukuna. Abin da ya rage shi ne na tafiya. Yuro 1 daidai yake da sefa 656, don haka tafiyar yuro 100 ta haura jaka 65.
3. A duba ko takardar zama tana ba da damar fita da komowa, kuma a bincika halin iyaka. An rufe iyakar Nijar da Nijeriya daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, kuma Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, saboda haka a tambayi hukuma takardun da ake buƙata kafin a kama hanyar Ƙwanni zuwa Illela.

Ga iyaye

Ku tsayar da rana ɗaya a mako ta waya, ku riƙa tambayar karatu kamar yadda kuke tambayar lafiya. Ɗalibi ba ɗan cin rani ba ne, kada a sa masa ran aiken kuɗin sallah. Idan ɗiya ce, a tabbatar da masaukinta da wanda za ta kira idan matsala ta taso. Wanda bai iya karanta saƙo ko takardar makaranta ba ya nemi malamin yaƙi da jahilci na garinsa ya karanta masa, kafin ya sa hannu ko ya aika kuɗi.