Digiri Na Biyu A Kan Araha: Yadda Ɗaliban Indiya Suka Karkata Zuwa Jamus

A zangon karatu na hunturun 2022/23 ne ɗaliban ƙasar Indiya suka zarce na ƙasar Sin yawa a jami'o'in Jamus, inda adadinsu ya haura 42,000. Da shekara ta zagayo sai ga shi sun haura 49,000. Mafi yawansu digiri na biyu suka je nema, galibi a fannin injiniya da ilmin kwamfuta. Wannan abu ne da ya cancanci a duba, domin kuwa Indiya ƙasa ce da Turancin Ingilishi ya kafu a makarantunta tun zamanin mulkin mallaka, kuma shekara da shekaru idon ɗalibanta a kan Amurka da Ingila da Kanada yake.

Babban dalili dai kuɗi ne. A manyan jami'o'in Amurka kuɗin makaranta na shekara ɗaya kan kai dubun dubatar daloli. Sa'an nan ƙofofin da aka saba bi sun yi ta ƙuntata. A watan Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin masu karatun digiri na biyu zuwa da iyalansu, a wannan wata kuma Kanada ta ƙayyade yawan takardun iznin karatu, ta kuma ɗaga kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635.

A Jamus kuwa al'amarin ilmi yana hannun jihohi ne, kuma tun 2014, lokacin da jihar Niedersachsen ta zama ta ƙarshe wajen soke kuɗin makaranta, jami'o'in gwamnati suka koma kyauta ga ɗan ƙasa da baƙo. Abin da ɗalibi ke biya kowane zango 'yan ɗaruruwan Yuro ne na hidimomin ɗalibai, wanda sau da yawa har da tikitin shiga motoci da jiragen ƙasa a ciki. Amma fa ba ko'ina ba. Jihar Baden-Württemberg ta sanya Yuro 1,500 a kowane zango ga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, Jami'ar Fasaha ta birnin Munich kuma ta fara karɓar Yuro 4,000 zuwa 6,000 a zango daga sababbin masu digiri na biyu waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba a 2024.

Masu iya magana sun ce wanda ya ci zomo ya ci gudu, kuma gudun a nan tun daga gida yake farawa. Kafin a ba ɗalibi biza sai ya nuna yana da abin da zai ci na shekara guda, watau ya zuba kuɗin cikin wani asusu na banki da ake kullewa, ana sakar masa kaɗan kaɗan kowane wata. Daga Satumban 2024 adadin ya zama Yuro 11,904, watau 992 a wata. Idan aka juya shi kuɗin Indiya ya haura rupi miliyan ɗaya. Ga ɗan malamin makaranta ko ɗan ƙaramin ma'aikacin gwamnati a Kerala ko Telangana, wannan ba kuɗin da ake ciro wa daga aljihu ba ne. Rance ake ci. Bisa tsarin da bankunan Indiya suka saba bi, rancen karatu da ya wuce rupi 750,000 sai da jingina, saboda haka takardar gida ko ta gona ce kan tafi banki kafin yaro ya tafi filin jirgi. Wani gidan kuma gwalagwalan uwa ake kaiwa. Daga ranar nan karatun ya daina zama na mutum ɗaya, ya zama na gida duka.

Bayan kuɗi sai takardu. Tun Nuwamban 2022 hukumomin Jamus suka wajabta wa ɗaliban Indiya samun shaidar wani ofishi da ke Delhi, wanda ake kira APS, mai tantance sahihancin takardun makaranta. Har ila yau jami'o'in Jamus ba su tsaya ga sunan digiri ba. Sukan bi darussan da mutum ya yi ɗaya bayan ɗaya, su ga ko sun dace da abin da yake nema. Nan ne mai digirin shekara uku kan sha wuya fiye da injiniyan da ya yi huɗu.

Wanda ya rasa gurbi a jami'ar gwamnati shi dillalan karatu ke jira. Sukan nuna masa makarantu masu zaman kansu, musamman a Berlin, waɗanda ke koyarwa da Turanci, suna karɓar ɗalibi ba tare da dogon bincike ba, amma a kan dubban Yuro a shekara. Wanda ya bi wannan hanya ya baro tsada ne ya tarar da tsada, ga shi kuma takardar da zai samu ba lalle ta yi nauyin ta jami'ar gwamnati a idon masu ɗaukar aiki ba.

Da an sauka, matsalar farko ɗaki ce. Gidajen kwanan ɗalibai ba su isa ba, layin jira kan ɗauki watanni, kuma a Munich hayar ɗaki ɗaya tana iya cinye fiye da rabin abin da asusun ke saki a wata, ga kuɗin inshorar lafiya wanda dole ne. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki, an ma ƙara masa daga cikakkun kwanaki 120 zuwa 140 a shekara a watan Maris na 2024. Mai sa'a kan samu aiki a kamfani ko a sashensa na jami'a, abin da ke ƙara masa ilmi. Da yawa kuwa keke suke hawa suna kai wa mutane abinci cikin sanyi, ko su yi dako a ɗakunan ajiyar kaya. Aikin ba abin kunya ba ne, sai dai yana cin lokacin karatu, har digirin shekara biyu ya koma na uku, ruwan rance kuma yana hauhawa a gida.

Ita Jamus ba don Allah kaɗai take wannan karamci ba. Jama'arta suna tsufa, masana'antunta suna bukatar ƙwararru, shi ya sa ta ƙulla yarjejeniyar ƙaura da zirga-zirga da Indiya a Disamban 2022, take kuma ba wanda ya gama karatu watanni 18 ya nemi aiki. To amma tattalin arzikinta ya ja baya a 2023 da 2024, kamfanin Volkswagen ma ya amince a Disamban 2024 da rage ayyuka 35,000 kafin 2030. A irin wannan kasuwa, ɗalibin da ya yi shekara biyu yana karatu da Turanci, yana kwana da 'yan ƙasarsu, yakan tarar cewa matsakaitan kamfanoni, waɗanda su ne suka fi ɗaukar ma'aikata, da Jamusanci suke yi wa mutum tambayoyin ɗaukar aiki. Watanni 18 ɗin kuwa tun daga kammala karatu ake fara ƙirga su.