Shin Ko Kun San? Kwikwiyon Ma'aikaci a Gure

Shin ko kun san cewa kwikwiyo makaho ake haihuwarsa, kuma kurma? Idonsa ba ya buɗewa sai ya kwana 10 zuwa 14 a duniya. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, kuma likitocin dabbobi ba sa son a raba ta da ɗanta kafin ya cika mako 8. Mu kuwa a Gure, da an ga ya fara lasar kunu sai a ce ya isa, a jefa shi a kwali a ɗaure bayan babur. Irin wannan ne ke kwana yana kuka har maƙwabta su tsane ka, shi ne kuma mai cizon wasa ba ji ba gani, domin wurin uwa da ƴan'uwa ake koyon inda haƙori ke tsayawa.

Ko kun san cewa kwikwiyo ɗan wata 2 yana buƙatar abinci sau 4 a rana, kuma da ƙyar yake riƙe fitsari fiye da awa 2 ko 3? To, a auna wannan da ma'aikacin da doka ta ɗora wa awa 40 a mako, wanda zai fita da sassafe, ba a sake ganinsa sai bayan la'asar. Mai neman kare don gadi yakan manta cewa wata shidan farko shi ne zai yi gadin karen.

Na gani da idona. Wani malamin lakwal maƙwabcina, gwauro, aka haura masa katanga aka ɗauke batirin sola, sai ya samo kwikwiyo. Ranar Litinin cikin watan Afrilu ya ɗaure shi a gindin dogon yaro ta ɓangaren yamma, inda inuwa take lif da safe, ya ajiye kwanon ruwa, ya kulle gida ya tafi. Kafin azahar inuwa ta janye ta koma gabas, igiya ta naɗe jikin itace, kwano ya kife, rairayi ya shanye ruwan. Wani almajiri ne ya ji kukan ya fara dusashewa, ya leƙa ta katanga ya kira mutane. An same shi harshe waje, yana haki kamar zai shiɗe. Ya rayu, amma da ƙyar.

Dalili kuwa, kare ba ya zufa kamar mutum. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne, sauran zafin da haki yake fitar da shi. A garin da bazara ke haura digiri 40, ga rairayi ko'ina, ka ɗora bayan hannunka a ƙasa: in ba ka iya jurewa, shi ma ba ya iyawa. Rumfa ake yi masa, wadda inuwarta ba ta ƙaura, a haƙa rami a binne gindin kwanon ruwan don kada ya kife.

Shin ko kun san cewa shi kansa sayen karen magana ce a wurin malamai? A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda a ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Ciniki ne ake ja da baya a kansa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo hani a kan sayar da karnuka, sannan ta nuna an yi saɓani game da waɗanda aka halatta ajiyewa. Sahnun, ɗaya daga cikin malaman mazhabar, yana cikin waɗanda suka halatta sayar da su. Saboda wancan hanin ne har gobe a karkara ba kasafai ake yanka wa kwikwiyo farashi ba: a ba ka, kai kuma ka ba yaron gidan tukuici. Masu sharhi ma suna ba da labarin cewa shi Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekarar 996, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi. Ashe matsalar malamin lakwal ta daɗe.

Ko kun san cewa ƙasarmu tana da karen da duniya ta san shi da suna? Azawak ke nan, dogo siriri mai shafaffen ciki, na Buzaye da maƙwabtansu a kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. An fara kai shi Turai a shekarun 1970, kuma babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta ba shi cikakken matsayi a 2019. Kyakkyawa ne, ba musu. Sai dai an halicce shi don bin barewa a fili, kuma wanda zai kulle shi a tsakar gidan haya daga safe zuwa yamma ya zalunce shi. Haka shi ma karen Jamus mai gashi, wanda ake kira karen ƴan sanda: tsada wajen saye, tsada wajen ci, ga wahala da zafi. Ni dai in za a bi shawarata, ɗan karen gida mai gajeren gashi, irin na rugar Fulani ko na mafarautan Muniyo, ya fi su duka dacewa da aljihun ma'aikaci da ranar Gure.

Wajen zaɓe, a je a ga uwar. In mai tsoro ce ko mai kai hari ba dalili, ɗanta ba zai yi nisa da ita ba. A duba ido ba kwantsa, dasashi jajaja ba fari fat ba, cikin kunne ba kaska, gindin wutsiya ba alamar zawo. Tumbi ƙato da haƙarƙari a waje sau da yawa tsutsar ciki ce. A tafa hannu a ga ko ya waiwayo. Wanda ya tako ya shinshina ƙafarka ya fi wanda ya maƙale a lungu, ya kuma fi sarkin faɗan cikinsu. Zawo mai jini da amai kuwa, a guje shi: akwai wata cuta mai suna farbo da ta ɓulla a duniya a 1978, tana kashe kwikwiyo cikin ƴan kwanaki, kuma ƙwayarta tana yin watanni a ƙasa.

Shin ko kun san goro guba ne ga kare? Sinadarin da ke hana mu barci a cikinsa, da na ganyen shayi da cakulan, jikin kare ba ya iya fitar da shi da sauri. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, don haka ragowar miya ba kullum take alheri ba. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji. Tuwo da fura kaɗai kuma ba sa gina kare, sai an haɗa da ɗan nama ko ƙwai ko dafaffen kifi.

Haƙoran nono na kwikwiyo 28 ne, na girma 42, ana canjin tsakanin wata 4 zuwa 6. A lokacin komai ya samu sai ya tauna, don haka a ɗauke takalmi da wayar caja.

Ko kun san cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15? Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ne. Da alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Luwi Fasto na Faransa ya fara yi wa wani yaro allurarsa a ranar 6 ga Yuli, 1885, kuma ranar rasuwar Fasto, 28 ga Satumba, ita ce ranar yaƙi da ciwon a duniya. Kwikwiyo yana karɓar tasa allurar in ya cika wata 3. A kai shi ma'aikatar kiwo, a karɓi takarda a adana, a riƙa sabuntawa yadda likitan ya ce. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, ya nufi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen.

Ga ma'aikaci, lokacin ɗauko kwikwiyo shi ne farkon hutu. Malamin makaranta ya fi kowa sa'a: in ya karɓi ɗan wata 2 a Yuli, kafin a koma aji a Oktoba ya kai wata 5, ya yi allura, ya san sunansa da wurin kashinsa, cinsa ya ragu zuwa sau 3. Wanda ba shi da dogon hutu, ya tabbata akwai mai leƙawa da rana, ko iyali ko ƙane ko yaron maƙwabta da za a riƙa ba wani abu a wata. In babu ko ɗaya, ya nemi kare ɗan wata 6 zuwa sama, ko kuwa ya ƙara wa katangarsa tsawo ya sayi kwado mai kyau.