Sana'ar Haɗa 'Yan Kasuwa: Abin da Ke Jiran Ɗalibi Bayan Digiri

Ɗalibin da ya karanci fannin sadarwar kasuwanci tsakanin ƙasashe yakan fito daga jami'a da kayan aiki masu kyau. Ya iya tsara wasiƙar ciniki, ya san yadda ake gabatar da haja a gaban taro, ya kuma koyi cewa abin da Bajamushe ke ɗauka gaskiya ce tsirara, Bajapane na iya ganinsa rashin ladabi. Sai dai da wuya ya ga kamfanin da ya buga sanarwar neman "mai sanin jama'a". Aikin yana nan kuwa, kuma ana biyan kuɗi mai kauri a kansa. Wurinsa shi ne tsakanin mai kaya da mai saye waɗanda ba su san juna ba, kowanne na tsoron kada ɗayan ya cuce shi.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Fataken da ke bin hanyar Gwanja zuwa Salaga sayen goro ba sa sauka gari haka kawai. Kowane ayari yana da fatomansa. Shi ke ba su masauki, ya adana musu kaya, ya nemo mai saye, ya yi tafinta, ya kuma tsaya wa baƙo idan ciniki ya zama na bashi. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya tarar da irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana shi a littafinsa na 1969: masu gida ne ke riƙe da cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da ƙasar Yarbawa, kuma babban jarinsu shi ne maganarsu ba ta tashi. Alhassan Ɗantata ma ta fataucin goro ya fara, kuma mutanen da ya sani a garuruwa suna cikin abin da ya ba shi ƙarfi lokacin da kasuwar gyaɗa ta buɗe a Kano. Abin da ya sauya a yau shi ne nisan tafiya, yawan takardu da yawan harsuna.

A ɗauki misalin riɗi, wanda Najeriya ke fitarwa zuwa Japan da Turkiyya da Sin. Wani ɗan kasuwa a kasuwar Dawanau ta Kano yana da buhuna cike da sito. Wani kamfani a Istanbul yana neman kwantena biyu. Saƙon kamfanin na farko ba zai tsaya kan farashi ba: zai tambayi yawan mai a cikin ƙwayar, yawan danshi, da adadin tsakuwa da ƙaiƙayi, sannan ya nemi a aiko da samfuri. Bayan haka sai a zo kan haruffa uku da ke iya cinye ribar mutum ƙaf. Idan an rubuta FOB Legas, mai kaya ya sauke nauyi da zarar kayan sun hau jirgin ruwa. Idan an rubuta CIF, shi zai biya kuɗin jirgi da inshora har tashar mai saye. Waɗannan ƙa'idoji na Incoterms, cibiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke Paris ce ta fara fitar da su a 1936, ta kuma sabunta su a 2020. Ga takardar shaidar lafiyar amfanin gona, ga fom ɗin NXP da ake cikewa ta banki, ga takardar lamunin banki wadda kuskuren harafi ɗaya a cikinta kan jinkirta biyan kuɗi. Mutumin da zai zauna a tsakiya, ya fahimtar da Alhaji abin da Baturke ke nufi, ya fahimtar da Baturke dalilin tashin farashi bayan kaka ta wuce, shi ne wanda ɓangarorin biyu ba za su so rabuwa da shi ba.

Saboda haka matakin farko shi ne zaɓen haja guda a san ta ciki da bai. Iya Turanci da iya gaisuwa ba su isa ba idan an tambaye ka bambancin zoɓon da aka shanya a kan tabarma da wanda aka baza a ƙasa ka kasa amsawa. Ko riɗi ne, ko citta ta kudancin Kaduna, ko fata, ko atamfar Kantin Kwari, sai ka shiga kasuwar, ka zauna da masu awo da 'yan dako da direbobi. Ka kuma san dokar ƙasar da za a kai kayan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Mai haɗa ciniki da ya san irin wannan haɗari, ya gargaɗi mai kaya tun kafin a zuba magani a rumbu, ya yi masa abin da ya fi nemo mai saye.

Mataki na biyu shi ne zuwa inda 'yan kasuwa ke taruwa. A gida akwai cibiyoyin ciniki da masana'antu irin su KACCIMA a Kano da KADCCIMA a Kaduna, masu shirya bajekoli, da kuma bajekolin Legas. Hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC, wadda aka kafa a 1976, ita ke yi wa masu fitar da kaya rajista, tana kuma shirya musu horo. A waje akwai bajekolin Canton a birnin Guangzhou, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, da Gulfood na kayan abinci a Dubai. Matashin da ba shi da kuɗin jirgi zai iya farawa da aikin sa-kai a bajekolin garinsu: karɓar baƙi, yin tafinta, rubuta sunayen mahalarta. A irin wannan aiki ake gane wa ke sayen me, wa ke cika alkawari, wa ke da baki kawai.

Wani bincike da Mark Granovetter ya wallafa a 1973 ya nuna cewa labarin sabuwar dama ya fi zuwa ta bakin sanin shanu fiye da ta bakin aminai. Dalilin a fili yake: aminanka abin da ka sani suka sani, amma wanda kuka haɗu sau ɗaya a taro yana yawo a wata duniyar daban. Matsalar ita ce irin wannan alaƙa saurin mutuwa gare ta. Da yawa sukan dawo daga bajekoli da katunan mutane cike da aljihu, su watsa a durowa. Zumunci a ƙafa yake. Cikin kwana biyu ko uku ka aika gajeren saƙo da ke tuna wa mutum inda kuka haɗu da abin da kuka tattauna, ka haɗa da wani abu mai amfani gare shi, ko da farashin wannan makon ne a kasuwarku. Wanda ya saba karɓar labari na gaskiya daga gare ka kyauta, kai zai fara kira ranar da ya tashi saye.

A nan ne karatun jami'a ke nuna amfaninsa. A Sin da Japan da hannu biyu ake miƙa katin suna, a karanta shi kafin a ajiye. Ɗan kasuwar Sin a WeChat za ka same shi, ba a WhatsApp ba, kuma agogonsa ya riga na Najeriya da awa bakwai, don haka saƙon da ka tura da la'asar sai gobe zai gani. Masana'antunsu kan rufe lokacin sabuwar shekararsu, tsakanin Janairu da Fabrairu. Wanda ya yi wa 'yan Kwari alkawarin kaya ba tare da lissafa wannan ba zai ji kunya. A Saudiyya Juma'a da Asabar ne hutu. Kusa da gida kuma, Faransanci jari ne. An ƙaddamar da fara aikin yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Yamai a watan Yulin 2019, aka soma ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. Matashin da ke jin Hausa da Turanci da Faransanci zai iya yin ciniki da baki a Maraɗi ko Garwa, ya rubuta takardunsa da harshen da kwastan na kowane ɓangare ke karantawa.

Ƙofofin shiga suna da yawa: sashen neman kasuwa na kamfanonin fitar da kaya, teburin cinikin ƙasashen waje a bankuna, kamfanonin jigila da fito da kaya a tashar ruwa, ofisoshin ciniki na jakadanci, da masu shirya bajekoli. Ya fi kyau a yi 'yan shekaru a ƙarƙashin wani kafin a tsaya da ƙafa, domin sunan kamfani ne ke buɗe wa sabon shiga ƙofa.

Ranar da ka fara cin gashin kanka, ka kiyaye abu uku. Ka rubuta la'adarka a takarda kafin ka haɗa mutane, don an sha zagaye dillali bayan an gama sanin juna. Ka yi rajistar kamfani da hukumar CAC, ka yi amfani da adireshin imel na kamfani, saboda 'yan damfara sun sa masu saye a waje suna ɗari-ɗari da duk saƙon da ya fito daga Najeriya. Na uku kuma shi ne mafi nauyi: kada ka gabatar da mutumin da ba ka bincika ba. Ka je sitonsa, ka ga kayan da idonka, ka tambayi waɗanda suka taɓa ciniki da shi. Idan kwantena ta isa Istanbul aka tarar da yashi a ƙasan buhu, mai kayan zai iya sauya suna ya ci gaba da harkarsa, amma kai da ka ce "na san shi" ba za a sake ɗaga wayarka ba.