Saƙon "cutar mashaya": kada a kulle mara lafiya a ɗaki

Wani saƙo yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwa kan wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama mashaya giya. Cutar dai akwai ta. Sunanta Marchiafava-Bignami, sunayen likitocin Italiya biyu da suka fara bayyana ta a 1903, kuma ba kasafai ake samunta ba. Tana lalata damin jijiyoyin da ke haɗa ɓangaren dama da na hagu na ƙwaƙwalwa, sai mutum ya rikice, harshe ya yi nauyi, tafiya ta gagara, wani har farfaɗiya ko doguwar suma.

Wai jar giyar Turawa kaɗai ke jawo ta? Tsohon zato ne; an gan ta a masu shan giya iri-iri, har da waɗanda ba sa sha amma rashin abinci ya ci jikinsu. Wai hoton MRI yana ƙona ƙwaƙwalwa? A'a, da maganaɗisu yake aiki; mai ƙarfe a jiki dai ya sanar kafin ya shiga.

Wurin da ya ɓata mini rai a saƙon shi ne cewa wai ba ta da magani, a kulle mutum a ɗaki har giyar ta sake shi. Wanda ya rubuta wannan bai san ran mutum yake wasa da shi ba. Dangin da suka yarda kuwa ban ga laifinsu sosai ba, kunya ce; wa ke son unguwa ta ji ɗansa na sha?

A da sai bayan mutuwa ake gane cutar. Yanzu MRI yana nuna ta tun mutum na raye, kuma ana yi masa allurar bitamin B1, domin hanjin mashayi ba ya tsotse shi yadda ya kamata. Bayanan marasa lafiyar da aka tattara sun nuna waɗanda aka fara wa allurar da wuri sun fi samun sauƙi. Ba kowa ke warkewa sarai ba, amma wasu na tashi.

Kullewar kanta haɗari ce: wanda ya daɗe yana sha, idan aka yanke masa lokaci guda, jijjiga na iya kama shi har ta kai ga ajali. Rikicewar ma tana iya zama faɗuwar sukari ko zubar jini a cikin kai.

A kai shi asibiti a ranar da aka ga alamun, a kuma faɗa wa likita gaskiya cewa yana sha.