Rana tana taimakon shuka wajen yaƙi da funfuna

Manoman Damargu, daga Tanut har zuwa Balbeji da kwarin Tarka, mun san rana sarai. Sau da yawa muna kuka da zafinta. Amma a cikin haskenta akwai wani taimako da take yi wa hatsi da dawa, wanda ya kamata mu sani.

Hasken rana iri-iri ne. Akwai wanda ido yake gani, akwai kuma wanda ba ya gani. Wani daga cikin na ɓoyen shi ne masana suke kira ultrabiyole. Shi ne yake kodar da launin tufa idan ta daɗe a shanya. A shekarar 2011 masana suka tabbatar cewa shuka tana da wani abu a jikinta mai jin wannan haske. Da ta ji shi, sai ta fara haɗa magunguna a fatar ganyenta. Magungunan nan suna kare ganye daga ƙuna. Wasunsu kuma suna hana funfuna yaɗuwa.

Funfuna ƙananan halittu ce masu son laima da inuwa. Ita ce take kawo burtuntuna a kan dawa da tabo a ganye.

Misali yana kusa da mu. Kowa ya san karan dafi, wanda dukawa suke rina fata da shi. Jan launinsa yana cikin magungunan da dawa take kare kanta da su. A shekarar 1987 masana a Amurka suka nuna cewa dawa tana fitar da irin wannan launi a daidai wurin da funfuna ta kama ta. Daga baya aka rufe zangarniyar wata baƙar dawa don kada rana ta taɓa ta. Sai launin ya ragu, maganin ma ya ragu.

To, mene ne aikinmu?

Mu rage shuka da wuri, mu bar tushe 3 a kowane rami. Mu yi noma a kan lokaci, don kada haki ya rufe ƙananan shuke-shuke. Ta haka haske da iska za su ratsa gona, raɓa ta bushe da sauri.

Sai dai rana kaɗai ba ta isa ba. Wasu cututtuka suna kwana a cikin ƙasa ko a jikin iri. Saboda haka mu sa wa iri magani kafin shuka. Tushen da ya kamu mu tuge shi, mu ƙone shi nesa da gona. Kada mu ɗebi iri daga zangarniya mai burtuntuna. Hatsin da muka girbe mu bari ya bushe sosai kafin ya shiga rumbu.

Wanda ya ga baƙuwar cuta a gonarsa, ya kai ganyen wurin malamin gona tun ba ta bazu ba.