Sayen Fulat a Ingila: Abin da Dillali Ba Zai Tsaya Ya Gaya Maka Ba

Yawancin 'yan'uwanmu da suka tafi Ingila aikin asibiti ko koyarwa, da sun yi 'yan shekaru suna zuba kuɗin haya sai hankalinsu ya koma kan mallakar muhalli. Gida mai zaman kansa ya yi tsada a Landan da kewayenta, don haka ido yakan faɗa kan fulat a cikin bene. Matsalar ita ce mutum yakan shiga cinikin da tunanin da ya taso da shi a Kano ko Zariya: na biya, an ba ni takarda, gida ya zama nawa da na jikokina.

Kusan duk fulat a Ingila da Wales ana sayar da shi ne bisa tsarin leasehold, wato mallaka ta wa'adi. Ƙasar da ginin yake kai, da rufi, da matakala, da bangon waje, duk na mai ginin ne. Kai abin da ka saya damar zama ce a sashenka na wasu shekaru da aka rubuta: 99, ko 125, wani lokacin 999. Wanda ya san takardar mallakar fili ta gwamna a Najeriya, mai wa'adin shekara 99, zai ce ai ba baƙon abu ba ne. Sai dai a Ingila mai ƙasar sau da yawa kamfani ne mai neman riba, kuma duk shekara yana da takardar kuɗi da zai turo maka.

Shekarun nan ba daga ranar da ka saya ake ƙirga su ba, daga ranar da aka fara ba da su ne. Fulat ɗin da aka ba shekara 99 a 1985, wa'adinsa 2084 zai ƙare, ko hannu nawa ya canza. Lambar da za ka riƙe a kai ita ce 80. Dokar 1993 ta ba mai fulat damar ƙara shekara 90, amma da zarar ragowar ta yi ƙasa da 80, mai ginin yana da rabin duk ƙarin darajar da sabuntawar ta jawo, bankuna kuma su fara ja da baya wajen ba da bashi a kansa. Majalisa ta yi sabuwar doka a Mayun 2024 don sauƙaƙa wannan, kuma tun Janairun 2025 an cire sharaɗin jiran shekara biyu kafin neman ƙari. Amma ba lokaci guda sassan dokar suka fara aiki ba. Kada dillali ya ce maka "ai an gyara doka" ka yarda. Lauya ya rubuta maka sashen da yake aiki a ranar da kake saye. Fulat mai araha fiye da maƙwabtansa, sau da yawa ruwa ba ya tsami banza.

Sai kuɗin ƙasa da ake biyan mai ginin duk shekara. An hana shi a sababbin yarjejeniyoyi tun 30 ga Yunin 2022, amma wanda ya sayi tsohon fulat ya gaji tsohon sharaɗi. Akwai yarjejeniyoyin da kuɗin yake ninkawa duk shekara goma. Fam 250 ba ta da ban tsoro a yau. Bayan shekara hamsin ta zama fam 8,000, kuma tun kafin nan ka rasa mai saye.

Wanda ya fi cin aljihu shi ne kuɗin hidimar gini: inshora, shara, gyaran lif, fenti, albashin kamfanin da ke kula da wurin. Ba shi da tsayayyen adadi. Idan rufi ya lalace, a kan masu fulat za a raba. Sashe na 20 na dokar 1985 ya wajabta a tuntuɓi mazauna kafin duk aikin da zai ci wa mutum ɗaya fiye da fam 250, to amma tuntuɓa ba yafewa ba ce. Shi ya sa dole lauyanka ya karɓo takardar bayanai ta LPE1 daga masu kula da ginin, da lissafin shekara uku da suka wuce, ya duba ko akwai asusun ajiya na manyan gyare-gyare da nawa ne a ciki, ya kuma tambaya ko an riga an aika sanarwar wani babban aiki. Mai sayarwa yakan yi saurin rabuwa da fulat ne daidai lokacin da irin wannan wasiƙa ta iso. Kuma taurin bashi a nan ba wasa ba ne: idan abin da ake binka ya haura fam 350, ko ya wuce shekara uku, mai ginin na iya fara bin hanyar kotu don ƙwace fulat ɗin gaba ɗaya.

Idan benen dogo ne, a tambayi abin da aka lulluɓe bangonsa da shi. Tun gobarar Grenfell ta Yunin 2017, wadda ta ci rai 72, bankuna kan nemi takardar binciken bangon waje ta EWS1 kafin su ba da bashi. Dokar kare gine-gine ta 2022 ta ɗauke wa wasu masu fulat nauyin gyaran, amma ba kowane fulat ta rufe ba.

Duk waɗannan abubuwa a cikin takardu suke, kuma mutum ɗaya ne aka biya ya karanta maka su: lauyanka. Dillali ma'aikacin mai sayarwa ne. Idan ya ce "muna da lauyanmu, zai yi maka da sauri", tambaye shi nawa ake ba shi la'ada a kan turawar. Wajibi ne ya faɗa. Ba dole ne lauyan ya zama maras kyau ba, amma ni dai ban ga dalilin da zai sa mai saye ya karɓi lauya daga hannun wanda burinsa a gama ciniki ko ta halin ƙaƙa ba.

Duba sunan lauyan a rajistar hukumar kula da lauyoyi ta SRA, ko CLC idan ƙwararren mai sauya mallaka ne ba cikakken lauya ba. Tabbatar yana cikin jerin waɗanda bankinka ya amince da su, in ba haka ba za ka biya lauya biyu. Idan ta bankin Musulunci za ka saya, nemi wanda ya taɓa yin irin wannan aiki, don tsarin takardunsa daban ne. Ka nemi farashi a rubuce, har da ƙarin da ake cajin fulat. Ka kuma tambaya wane ne, da sunansa, zai karanta yarjejeniyar, domin a cikinta ake ɓoye hanin ba da haya ko fasa bango. Manyan ofisoshi masu araha sukan jefa fayil daga tebur zuwa tebur.

Abu biyu sun fi shafar mutanenmu. Na farko, lauya zai nemi asalin kowane fam. Kuɗin adashe, ko wanda Baba ya turo ta hannun ɗan canji, in babu takardar banki da ke nuna tafiyarsa, yana iya tsayar da cinikin. A fara tara shaida tun da wuri. Na biyu, harajin sayen gida yana ƙirga gidan da ka mallaka a ko'ina a duniya. Gida a Abuja ko Kaduna yana hana ka rangwamen masu sayen farko, kuma idan darajarsa ta kai fam 40,000 yana iya jawo ƙarin kashi 5 cikin ɗari. Faɗa wa lauya gaskiya tun ranar farko.

Kafin musayar kwantaragi kowa na iya janyewa. Bayanta, wanda ya fasa yakan yi asarar kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin ɗari. Ranar tura wannan kuɗi 'yan damfara suke jira. Saƙon imel zai zo da tambarin ofishin lauyanka, yana cewa an canza lambar asusu. Kada ka amsa shi, kada ka kira lambar da ke ciki. Kira lambar da ka sani tun farko, a karanta maka asusun baki da baki, ka fara tura ɗan kaɗan, sai sun tabbatar ya shiga sannan ka tura sauran.