Daga Kafinsoli Zuwa Bakin Teku



Ni dai haifaffiyar Kafinsoli ce, ruwan da na sani bai wuce na rijiya da kududdufin damina ba, sai madatsar Zobe da aka taɓa kai mu gani. Kwatsam Yayata da ke aure a Legas ta sauka, Inna ta ce in je in taya ta zaman jego. Mijinta sojan ruwa ne, kuma ba ƙaramar rigima aka sha ba kafin a ba shi ita. Baffa cewa ya yi, "Mutumin da ke kwana a kan ruwa, wa zai ba shi 'ya?"

Bayan suna, Yaya ya ce zai kai mu Tarkwa Bay shan iska, wurin da sai da jirgin ruwa ake zuwa. Wallahi da na taka jirgin nan cikina ya ɗuri ruwa, babu addu'ar da ban karanta ba. A hanya ya nuna mana kulob ɗin masu tseren jirage, Lagos Yacht Club, wanda Turawa suka kafa a 1932. Ga ƙananan jirage nan farare tas, kowanne da doguwar sanda da ƙyalle, iska ce ke tura su.

Na ce, "Yaya, ashe ruwan nan na masu hutu ne?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ƙanwata, ruwan nan ya ga yaƙi." A watan Disamba na 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka ɗora Akitoye. A 1861 suka karɓe garin ɗungurungum. Kun ji, ashe ta ruwa Bature ya shigo mana, shekara 42 kafin ya iso Kano da Katsina a 1903. Shi ya sa ƙasar da ba ta tsare tekunta ba, ta bar ƙofar gidanta a buɗe.

Rundunar sojan ruwanmu an kafa ta a 1956. Babban jirgin nan Aradu a Jamus aka ƙera shi, ya fara aiki a 1982. Kada ku ɗauka aikin na 'yan Kudu ne kawai. Murtala Nyako ya shugabanci rundunar daga 1990 zuwa 1992, Awwal Zubairu Gambo, Bakano, daga 2021 zuwa 2023.

Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne labarin Itunu Hotonu. Zanen gine-gine ta karanta, ta shiga sojan ruwa, a 2012 ta zama mace ta farko da ta kai muƙamin Riya Admiral a Nijeriya. Ina ji, autarmu ta faɗo mini a rai. Tana aji uku, lissafi a kanta kamar ruwa, ga shi ana shirin cire ta a yi mata aure.

Ran da na dawo gida na durƙusa gaban Baffa na kwashe labarin duka na faɗa masa. Na ce, "Baffa, don Allah a bar ta ta gama, aure ba ya guduwa." Ya yi shiru har na fidda rai, can ya ce, "Tashi ki je, zan yi shawara da Innarku."

Jiya da safe na ga auta ta wanke kayan makarantarta ta shanya. Ku taya mu da addu'a, ku ma ku riƙe littafinku da kyau. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.